Kunnen Hukuma da Asirin Talaka a Arewacin Gana

Tun da rikicin sarautar Bawku ya sake tashi a ƙarshen 2021, a daidai lokacin da masu ɗauke da makamai na Burkina Faso suke ta matsowa kan iyaka, ra'ayin a sakar wa jami'an tsaro mara a kan wayoyin jama'a ya sami magoya baya a Gana. Wani marubuci ya kawo wannan ra'ayi a dunƙule. A ganinsa, garin da ake harbe mutum a bakin shagonsa ba wurin jiran sa hannun alƙali ba ne kafin a saurari waya. A bar jami'ai su ji kowane kira, su karanta kowane saƙo, su san inda kowane layi ya kwana. Ya ƙara da cewa mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as, wanda hannunsa yake da tsabta ba shi da abin ɓoyewa, kuma zancen kare sirri baƙon abu ne da lauyoyin Akra suka aro daga Turawa, ba shi da tushe a arewa.

Damuwar da ta haifi wannan ra'ayi gaskiya ce. Mutanen Bawku sun shekara da shekaru a ƙarƙashin dokar hana fita. An hana maza hawa babur, an ma taɓa hana sa batakari don kada a ɓoye bindiga a ƙarƙashinsa. Kasuwar da a da take tara fatake daga Togo da Burkina Faso ta rabu, kowane ɓangare da wurin cinikinsa, kuma kisa ya bi matafiya har kan hanyar Bolgatanga zuwa Walewale. Wanda ya ga wannan ya ce a yi komai don a kawo ƙarshensa, ba za a ce ya yi wauta ba. Sai dai maganin da marubucin ya rubuta bai dace da ciwon ba, kuma tarihin Salaga da Yendi da Bawku kansu ne yake nuna haka.

Batun cewa sirri baƙo ne shi ya fi saurin faɗuwa. A ƙarni na 19 Salaga ita ce babbar kasuwar goron Gwanja, inda ayarin Kano da Katsina da Sakkwato suke sauke kanwa da tufafi da dabbobi su ɗauki goron Asante, kuma a nan ake sayar da bayi, abin da garin bai ɓoye ba a yau. Baƙon da ya iso bayan tafiyar watanni yakan sauka wurin mai masauki. Mai masaukin nan shi ya san yawan kayan baƙo, da wanda yake bin sa bashi, da farashin da zai iya sallamawa a kai idan ciniki ya ƙi. Ranar da ya fitar da wannan magana waje, ranar gidansa ya mutu, domin ba madugun da zai sake kai masa ayari. Ciniki na nesa gaba ɗaya a kan wannan amana ya tsaya. Gidan zango ma haka aka gina shi: zaure a gaba, baƙo ya tsaya ya yi sallama, ba ya wuce nan sai an ce ya shigo. Malamai suna karantar da hanin bin diddigin asirin mutane daga Suratul Hujurat, da wajabcin neman izini kafin shiga gidan wani daga Suratun Nur. Addu'ar da ta fi kowace yawo a bakin Bahaushe, daga Salaga har Zinder, ita ce Allah ya rufa asiri, kuma mai yin ta ba ɓarawo ba ne. Magidanci ne da ba ya so maƙwabci ya san tukunyar gidansa ba ta hau wuta ba jiya. Mutanen da suka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba ba su jira lauyan Akra ya koya musu darajar sirri ba.

Ta fuskar doka kuma, marubucin ya yi magana kamar an ɗaure hannun jami'an tsaro, alhali ba haka abin yake ba. Sashe na 18(2) na tsarin mulkin 1992 ya kare sirrin gida da dukiya da wasiƙa da sadarwar kowane mutum, amma a wuri guda ya ba da damar a shiga wannan sirri bisa doka idan tsaron jama'a ko hana aikata laifi ya bukaci haka. Dokar Tsaron Intanet ta 2020, mai lamba 1038, ta shimfiɗa hanyar: jami'in bincike ya je Babbar Kotu, ba tare da wanda ake zargi ya sani ba, ya nemi izinin karɓar bayanan mai layi ko tatsar saƙonninsa. Dokar ta kuma tilasta wa kamfanonin waya su adana bayanan masu layuka da na zirga-zirgar kira na tsawon lokaci, don a same su idan an nema. Ke nan duk wanda ake zargi da sayo harsasai zuwa Bawku, ana iya sauraron wayarsa yau ɗin nan. Abin da marubucin yake nema a zahiri shi ne a cire alƙali daga tsakani. An taɓa gwada wannan a 2016, lokacin da aka kai wa majalisa ƙudurin tatsar wasiƙu da saƙonnin waya wanda zai ba da damar a saurari mutum na awa 48 kafin a nemi izinin kotu. Lauyoyi da 'yan jarida da ƙungiyoyin farar hula suka yi ca, gwamnati ta janye shi. Kotun Ƙoli ma ta ɗauki lamarin da nauyi: a shari'ar Raphael Cubagee ta 2018, wadda asalinta rigimar fili ce, ta yanke cewa naɗar hirar waya a ɓoye ba da sanin abokin magana ba keta sashe na 18(2) ne, ko da mai naɗar yana cikin masu hirar.

Ginshiƙin hujjar marubucin shi ne cewa rashin labari ne yake sa hukuma ta kasa hana zubar da jini. Yendi ta ƙaryata wannan tun sama da shekara ashirin da suka wuce. A watan Maris na 2002 babu wanda bai san gidan Abudu da gidan Andani, gidajen sarautar Dagbon biyu, suna shirin gwabzawa a kan bikin Bugum ba. Hukumomin tsaro na gunduma sun sani har suka sa dokar hana fita suka dakatar da bikin, daga baya aka ɗage dokar. Aka yi kwana uku ana harbi, daga 25 zuwa 27 ga wata, a kewayen fadar Gbewaa, wadda ba ta da nisa da ofishin 'yan sanda, ga kuma sojoji a garin. A cikin kwanakin nan layukan tarho na Yendi suka mutu. A rana ta uku aka kashe sarkin Dagbon, Ya Na Yakubu Andani na Biyu, tare da mutanen da ake ƙiyasta tsakanin 30 da 40. Ba a bukatar na'urar tatsar waya don a ji ƙarar bindigar da ake harbawa a tsakiyar gari da rana tsaka. Abin da fada ta rasa a ranar shi ne hanyar kira, da wanda zai amsa kiran.

Abin da ya biyo baya ya fi wannan muhimmanci ga muhawarar. Ministan cikin gida, wanda shi ne ɗan majalisar Yendi, da ministan jihar Arewa, da mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, duk sun ajiye aiki. Mutanen gidan Andani sun zargi wasu manyan jami'an tsaro da karkata ga gidan Abudu. Hukumar bincike ta Wuaku ta wanke su. Amma zargin kansa ya bayyana wani abu da duk ɗan arewa ya sani: jami'in hukuma ba daga sama ya faɗo ba. Yana da gida, yana da dangi, yana da jam'iyya, kuma a rikicin sarauta kowa an san inda zuciyarsa take, ko a ƙalla ana zaton an sani. Idan aka ba ofis ikon sauraron kowa ba tare da mai duba shi ba, ɓangaren da ba nasa ne yake kan kujerar ba zai ɗauka an ba abokin gabarsa kunne ne a cikin ɗakinsa, kuma wannan zato kaɗai ya isa ya hana sulhu. A 2011 Babbar Kotu ta sallami mutum 15 da aka gurfanar kan kisan Ya Na, domin shaidu sun yi ta saɓa wa juna kuma binciken bai tsaya da ƙafarsa ba. Zaman lafiyar Dagbon ya zo ne ta hannun sarakuna uku, Asantehene da Nayiri da Yagbonwura, bayan shekara 17 ana kai da komowa, har aka yi jana'izar sarakunan gidajen biyu aka ɗora Ya Na Abukari Mahama na Biyu a kan buzun sarauta a watan Janairun 2019.

Marubucin ya ɗauka kunnen hukuma abin amincewa ne. Kotunan Gana sun riga sun duba wannan. A ƙarshen 2015 aka ƙulla cinikin dala miliyan 8 don sayen Pegasus, manhajar leƙen asiri ta kamfanin NSO na Isra'ila, wadda take iya shiga waya ta karanta saƙonni ta kunna makirufo da kyamara mai wayar bai sani ba. Aka fitar da dala miliyan 4 daga asusun Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCA. A watan Mayun 2020 Babbar Kotu a Akra ta ɗaure tsohon shugaban hukumar gudanarwar NCA shekara shida, tsohon babban daraktanta da tsohon mataimakin mai kula da tsaron ƙasa shekara biyar-biyar, saboda jawo wa ƙasa asarar kuɗin. Da ba don kuɗin sun yi ɓatan dabo ba, da wuya talaka ya taɓa jin an yi wannan ciniki. A 2025 kuma aka gurfanar da tsohon shugaban hukumar tattara bayanan sadarwa ta ƙasa kan zargin karkatar da kuɗin sayen na'urorin tsaron intanet, zargin da ya musanta. Duk inda aka ce "sirrin tsaro ne" aka rufe ƙofa, kuɗi da iko sukan bi ta taga.

Shari'ar da ta fi kusa da abin da marubucin yake so ita ce ta lokacin korona. A watan Maris na 2020 Shugaba Akufo-Addo ya sa hannu kan umarni mai lamba 63, wanda ya wajabta wa kamfanonin waya su miƙa bayanan masu layuka don a bi sawun masu ɗauke da cutar. Wani kamfani mai zaman kansa, Kelni GVG, shi ne zai karɓa a madadin gwamnati, kuma abin da aka nema ya haɗa har da bayanan hada-hadar kuɗin waya. Wani lauya, Francis Kwarteng Arthur, ya kai ƙara. A watan Yulin 2021 Babbar Kotu ta ce an keta masa haƙƙin sirri, ta ba da umarnin a daina tattarawa a goge abin da aka tattara, a kuma biya shi diyya. Dalilin da aka kawo a lokacin mai kyau ne, ceton rai daga annoba, kamar yadda dalilin yau mai kyau ne. Amma babu wanda ya iya bayyana alaƙar cutar numfashi da sidi ɗarin da ɗa ya tura wa mahaifiyarsa a Salaga.

Yankin Bawku yana da nasa tsohon darasin. A Kulungugu, kan iyakar ƙasar da ake kira Burkina Faso yanzu, aka jefa wa Kwame Nkrumah gurneti ranar 1 ga Agusta 1962, yana dawowa daga ganawa da shugaban wannan ƙasa, Maurice Yaméogo. Dokar tsare mutum ba shari'a ta 1958, wadda aka yi da sunan maganin maƙiyan ƙasa, sai ta hau kan ministocin Nkrumah biyu, Tawia Adamafio da Ako Adjei, da sakataren jam'iyyarsa Cofie Crabbe. Kotu ta wanke su a 1963, aka tuɓe Alƙalin Alƙalai Arku Korsah, aka sake shari'ar aka yanke musu hukuncin kisa, wanda daga baya aka sassauta zuwa ɗauri. Waɗanda suka yi wa dokar tafi suna cikin waɗanda ta ci.

Sai batun mai kaza a aljihu. A garin da ake zaman lafiya wannan karin magana tana iya wucewa. A Bawku abin da mutum yake ɓoyewa shi ne sunan kakansa da hanyar da zai bi gobe. Ɗan kasuwar da zai kai albasa Kumasi ba ya faɗa wa kowa motar da zai shiga, wani lokaci sai ya zaga ta wata hanya mai nisa don kada ya ratsa inda ake tare motoci ana tambayar ƙabila. Matar da aka aura daga ɗaya ɓangaren takan kira 'yar'uwarta da dare, murya ƙasa-ƙasa, ta tambayi lafiyar tsohuwa, sannan ta goge lambar daga jerin kira kafin ta kwanta. Ba ta yi laifin komai ba, amma idan aka ga lambar, kalmar "munafuka" kaɗai ta isa ta raba ta da gidanta. Rumbun da ya haɗa sunan mutum da hotonsa da garin haihuwarsa da wanda yake kira da inda wayarsa take a kowace sa'a, a irin wannan gari jerin sunayen farauta ne idan ya faɗa hannun da bai dace ba. Kuma ba sai minista ya ba da umarni ba. Ƙaramin ma'aikaci ɗaya mai kalmar sirrin shiga, wanda aka kashe masa ƙane, ya isa.

Yoyon bayanai kuwa ba hasashe ba ne a Gana. Duk mai asusun MoMo, wato asusun kuɗin waya, ya san kiran nan na ɗan damfara da yake fara gaisuwa da cikakken sunan mutum, ya ce an turo masa kuɗi bisa kuskure. Manhajojin ba da rance ta waya sun nuna mataki na gaba: sai su kwashe lambobin da suke cikin wayar mai karɓar bashi da hotunansa, in ya yi jinkirin biya su aika wa surukansa da limamin unguwarsu cewa ɓarawo ne. Babban Bankin Gana ya sha fitar da jerin irin waɗannan manhajoji marasa lasisi, kuma a watan Yulin 2023 aka kama sama da mutum 400 a wani samame a Akra.

Akwai kuma abin da marubucin bai taɓo ba ko kaɗan, wato wanda tsarin yake bari a waje. Katin ɗan ƙasa, Ghana Card, yanzu shi ne mabuɗin kusan komai: lambar haraji, asusun banki tun Yulin 2022, da layin waya tun rajistar da aka fara ranar 1 ga Oktoba 2021, wadda ta kai ga toshe miliyoyin layuka a 2023. Mai neman katin sai ya kawo takardar haihuwa ko fasfo, ko a sami wanda zai rantse ya tsaya masa. A zangunan Salaga da Yendi da Bawku akwai iyalan da kakanninsu suka zo tun kafin a ja iyakar Gana, amma sunan Hausa ko na Fulani ko na Mosi yakan sa a ƙara wa mutum tambayoyin da ba a yi wa na gabansa a layi ba. Fulani makiyaya su suka fi kokawa da wannan. Tsofaffin zango ba su manta da Nuwamban 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, aka kwashi sama da mutum dubu ɗari, ciki har da waɗanda a Gana aka haife su. A 2020 Kotun Ƙoli ta ce takardar haihuwa ba hujjar zama ɗan ƙasa ba ce wajen rajistar zaɓe, a Yulin 2023 kuma hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna damuwa kan mayar da ɗaruruwan 'yan Burkina Faso da suka nemi mafaka a arewacin Gana. Mutumin da ya ga waɗannan yana da dalilin tambayar me za a yi da zanen yatsunsa.

Wanda aka hana kati ba ya daina waya. Maƙwabci ko mai shagon sim yakan yi masa rajista da nasa katin, tunda an yarda mutum ɗaya ya riƙe layi har goma. Sakamakon haka rumbun gwamnati yana ɗauke da layukan da sunan da yake kansu ba na mai amfani da su ba ne, har NCA ta fitar da lambar da mutum zai danna ya ga layukan da aka rataya wa katinsa bai sani ba. Hukumar katin ɗan ƙasa ma ta ce zanen yatsun da aka ɗauka a rajistar ba a tantance su da rumbunta ba, gwamnatin da ta hau a 2025 kuma ta ce sai an sake rajistar. Mai safarar bindiga kuwa yana da Togo da Burkina Faso a bayan gida, sim ɗin ƙasashen biyu yana samuwa a kasuwar Cinkassé. Tarun da aka shimfiɗa wa kowa yakan kama mai kifin miya ya bar kada.

A Fabrairun 2024 NCA ta rufe gidajen rediyo huɗu a Bawku bisa shawarar hukumomin tsaro, saboda kalaman tunzura jama'a. Ana iya jayayya kan dacewar matakin, amma yana nuna abin da ake iya yi a fili: an ambaci sunan tashoshin, an faɗi dalili, kuma wanda bai yarda ba ya san ƙofar da zai buga. Sauraron waya a ɓoye ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, shi ya sa alƙali ne kaɗai shingen da ya rage tsakanin jami'i da mai waya.

Shingen ma ba shi da ƙarfin da ake zato. Dokar Kare Bayanai ta 2012, mai lamba 843, ta ba kowane mutum ikon ya tambayi duk wata hukuma ko kamfani abin da suka ajiye a kansa, ya sa a gyara kuskure, a kuma sanar da shi idan bayanansa sun fita. Amma ta keɓe harkar tsaron ƙasa, inda takardar shaida daga minista take isa a ɗauke aiki daga ƙarƙashin dokar, sai dai wanda abin ya shafa ya garzaya Babbar Kotu ya ƙalubalanci takardar, in ya san da ita. Hukumar da aka ɗora wa aiwatar da dokar tana Akra, fiye da kilomita 800 daga Bawku, kuma takardunta da Turanci suke, ba da Kusal ko Mampruli ko Dagbani ko Gonja ko Hausar da ake ciniki da ita a kasuwannin garuruwan uku ba. Shari'ar umarni mai lamba 63 ta yi nasara ne domin mai ƙarar lauya ne, ya san sashen da zai ambata, kuma yana da halin jiran hukunci sama da shekara guda. Mai sayar da doya a tashar Salaga da aka rataya wa katinsa layin da bai taɓa gani ba, sai ranar da 'yan sanda suka zo nemansa yake sanin akwai matsala.